Riƙe Numfashi

Tara saura kwata, a asibitin kan tudu a Valparaíso,
aka turo min Herminia Cárcamo
da takarda a hannu, an ninke ta huɗu:
sankarar mama, ɓangaren hagu.
A duba iyakar inda ta kai.

Ta cire 'yan kunne, ta cire sarƙa,
ta cire mabuɗin da ke rataye a wuyanta,
na taragon da ke hawa tudun unguwarsu da igiyar ƙarfe.
Shekara ashirin da biyu ita ke riƙe da birkinsa.
Ta ce, "Ajiye min shi inda zan gan shi."

Na sa mata allura a jijiyar hannun dama.
Na ce ruwan nan zai bi jikinki da ɗumi,
za ki ji kamar kin saki fitsari, ba ki saki ba,
bakinki zai yi ɗanɗanon tsohon kwabo.
Ta yi dariya. Ta miƙa hannuwa bisa kai
kamar mai shanya zane.

Gado ya zame da ita cikin zobe.
Ja numfashi.
Riƙe.

Daƙiƙa goma sha biyu,
sai ga mace guda an yanyanka ta sala-sala,
ba wuƙa, ba jini,
sala ɗari shida, kowane bai kai kaurin farce ba.
Ni ina bayan gilashi ina murza linzami,
ina sauka cikinta hawa-hawa
yadda take saukar da mutane bakin teku.

Hammata: kaluluwa biyu, dama an san da su.
Huhu baƙi wuluk, da fararen rassa,
babu tsuntsun da ya sauka a kai.
Ƙashin baya a jere kamar matakalar gida,
na taka su ɗaya-ɗaya, babu wanda gara ta ci.
Har na fara sakin kafaɗa.

Sai hanta.
Ɗigo ɗaya, can gefen dama,
bai kai ƙwayar wake ba.
Na ja layi a kansa: milimita bakwai.
Zai iya zama 'yar jakar ruwa da aka haife ta da ita.
Zai iya zama baƙon ya ƙetare kogi,
ya kafa bukka.
Tsakanin waɗannan biyu
akwai sunayen magunguna daban, da lissafin shekaru daban.

Ba aikina ba ne in faɗa.
Likita Bustos zai zauna da hoton ran Alhamis,
ƙila ya nemi wani hoton, ƙila ya nemi a tsinko nama.
Nawa aikin in cire allura, in manna auduga,
in ce ki sha ruwa da yawa yau.
Shekara tara ina koya wa fuskata zama bango.

Ta ɗaura mabuɗinta, ta dube ni.
Ta ce, "'Yata, ni ma ta taga nake aiki.
Ina gane mai hawa da albashi,
ina gane mai hawa da takardar kotu a aljihu.
Kada ki wahalar da kanki.
Alhamis ba ta da nisa."

Na ce ban ga abin da zan iya rantsewa a kai ba.
Wannan kam gaskiya ne.

Da yamma na bi ta unguwarsu, ba hanyata ba ce.
Taragon na ƙara, yana hawa a hankali,
jiragen ruwa na ƙanƙancewa a ƙasa.
Tana tsaye da audugata a gwiwar hannu,
tafinta a kan birki.
Na miƙa kuɗi. Ta ture hannuna.

Rabin hanya, inda mai hawa ke gilma mai sauka,
na kama kaina na riƙe numfashi,
ba wanda ya ce in riƙe.